Ƙarfe Nawa Ɗanka Ke Kwanciya?

Yau shekara 21 ke nan ina riƙe da alli a makarantun firamare na jihar Maraɗi, tun daga na ƙauye inda ake karatu a rumfar kara har zuwa na cikin gari masu ginin siminti. A duk inda na koyar kuwa akwai abu guda da ba ya sauyawa, wato da ƙarfe 10 na safe ta yi sai ka ga kawuna sun fara sunkuyawa. Wannan ya dafe haɓa, wancan ya kifa goshi a kan tebur, wani kuma idonsa biyu amma hankalinsa ba ya ajin. Mu malamai mun saba kiran wannan lalaci, mun kuma saba yi masa magani da tsawa ko bulala. Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru, har ranar da wani yaro ya ba ni kunya.

Yaron nan, wanda zan sakaya sunansa, yana aji na biyu ne, wato CP, shekarunsa 7. Da aka buɗe makaranta a watan Oktoba yana cikin masu saurin ɗaga hannu, amma kafin sanyi ya wuce ya koma ba ya iya haɗa baƙi da wasali, rubutunsa ya karkace, ga yawan faɗa da abokan zamansa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na sa shi durƙuso, na tsayar da shi a bayan aji, na aika wa mahaifinsa cewa ɗansa ya lalace, duk a banza. Wata rana muna darasin lokutan yini sai na tambayi yara lokacin da kowa ke kwanciya. Da yake ƙananan yara ba su san agogo ba, sai na ce kowa ya faɗi abu na ƙarshe da yake ji ko yake gani kafin barci ya ɗauke shi. Wata ta ce kiran sallar isha, wani ya ce in an gama fim ɗin Indiya, wani kuma ya ce in babansa ya dawo daga fada. Da aka zo kan yaron nan sai ya ce, "Mushe, ni sai an rufe gidan kallo." Ashe mahaifinsa mai shayi ne a bakin wani gidan kallon ƙwallo, shi kuwa shi ke wanke kofuna har a tashi, wani lokaci sai 12 na dare, sa'an nan da asuba a tashe shi ya tafi makarantar allo. Na lissafa a zuci na ga barcin yaron bai cika awa 6 ba. Ni kuwa na yi wata uku ina hukunta shi a kan laifin da ba nasa ba.

Tun daga ranar na shiga neman sani a kan barcin yara, na tambayi ma'aikatan lafiya, na karanta abin da na iya samu. Abin da na gano shi nake so mu tattauna yau, domin magana ce da ta shafi kowane gida, na mai kuɗi da na talaka.

Mu Yi Lissafi

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ƙa'idar barcin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 a cikin awa 24. Daga wata 4 zuwa wata 11 yana bukatar awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, duk har da barcin rana a ciki. Game da waɗanda suka isa makaranta kuwa, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta faɗi a shekarar 2016 cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 kullum.

To, mu ɗauki waɗannan alƙaluma mu ɗora su a kan rayuwarmu ta nan gida. Safiyar yaro a ƙasarmu ba ta matsawa gaba. Ana kiran asuba gida ya tashi, zakara na cara, turmi na amo, ana share tsakar gida, ga makarantar allo, ga ɗiban ruwa, ga makarantar boko da ake shiga ƙarfe 8. Ko yaro ya so ko ya ƙi, ƙarfe 6 ba za ta same shi a kwance ba. Tun da haka ne, ƙofa ɗaya ce ta rage da za a ƙara masa barci, ita ce ta dare. Ɗan shekara 7 da zai tashi ƙarfe 6, in ana so ya sami awa 10, dole ƙarfe 8 ta same shi a shimfiɗa. In kuwa sai 11 ya kwanta, to awa 7 ya samu, an ci shi bashin awa 3. A kwana 5 na makaranta bashin ya zama awa 15, wato barcin dare ɗaya da rabi ke nan ya salwanta a mako guda. Mai karatu ya gwada wa kansa, a hana shi barcin dare ɗaya da rabi duk mako, sa'an nan a zaunar da shi a ce ya koyi baƙon harshe da lissafi.

Haka lissafin yake ga ɗan shekara 3 ko 4. Ko da yana barcin rana na awa ɗaya ko biyu, yana bukatar kamar awa 10 da dare, saboda haka shi ma ƙarfe 8 ce iyakarsa. Ga wanda ba shi da agogo akwai alama mai sauƙi. A nan Maraɗi lokacin isha yana faɗawa ne tsakanin wajen 7 da kwata zuwa wajen 8 da kwata, gwargwadon sanyi ko bazara. Ashe ke nan in an ce yaro ya kwanta da an idar da isha, an yi daidai da abin da likitoci suka auna.

Aikin Da Jiki Ke Yi Cikin Dare

Da yawanmu muna ɗaukar barci kamar zaman banza, alhali kuwa ga ƙaramin yaro lokacin aiki ne. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ke fitar da sinadarin da ke sa ƙashi ya yi tsawo, tsoka ta ginu. Mafi yawan wannan sinadari yana fita ne a lokacin barci mai nauyi, irin wanda ko an ɗaga yaro an sauya masa wuri ba ya sani. Ban ce duk yaron da ya yi dare zai tsumbure ba, domin tsumburewa galibi daga ƙarancin abinci da yawan ciwo take zuwa. Amma yaron da abincinsa ma da ƙyar yake isarsa, bai kamata a haɗa masa da ƙarancin barci ba.

Na biyu, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Kamar manomi ne da ya yini yana yankan gero, in bai ɗaure dammuna ya kai rumbu ba, abin da ya yanka na tsuntsaye ne da awaki. Baƙaƙen da yaro ya koya a allo da safe, da ƙidayar da ya koya a aji, sai ya yi barci isasshe suke zama. Shi ya sa malami kan koyar da abu yau, yara su amsa daidai, gobe ya tarar kamar ba a taɓa yi ba.

Na uku, jikin mutum yana da agogonsa na ciki da ke bin haske da duhu. Wasu masana uku ƴan Amurka sun sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke aiki. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa takan fara sakin wani sinadari da ake kira melatonin, shi ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi yana danne shi, kuma an gano cewa ya fi danne na yara a kan na manya, domin idon yaro ya fi na babba shigar da haske. Iyayenmu da suka rene mu da fitilar ƙwai ba su san sunan wannan sinadari ba, amma duhun gidajensu yana yi musu aikin. Mu da muka sami ƙwan lantarki mai farin haske da fitilar sola da tele da salula, sai muka mayar wa yaranmu dare rana.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin iyaye. Babba in ya gaji sai ya yi laushi, amma ƙaramin yaro in lokacin barcinsa ya wuce sai ya ƙara ƙiriniya, ya yi ta tsalle, ya yi dariya, nan take kuma ya ɓarke da kuka. Sai uwa ta ce ai ba ya jin barci, a bar shi ya gaji. Gaskiyar magana ita ce ya riga ya gaji ya wuce wuri, kuma yanzu kwantar da shi zai fi wuya a kan da an yi tun awa ɗaya da ta wuce.

Abin Da Bincike Ya Nuna

A ƙasar Ingila masana sun bi rayuwar dubban yara da aka haifa a farkon shekarun 2000, suna tambayar iyayensu lokacin kwanciyarsu suna da shekara 3, da 5, da 7. A shekarar 2013 wasu masu bincike na wata jami'a a Landan, ƙarƙashin jagorancin Yvonne Kelly, suka bayyana abin da suka gani a kan yara fiye da 10,000. Yaran da ba su da tsayayyen lokacin kwanciya suna ƴan shekara 3, sun fi samun ƙarancin maki a karatu da lissafi da suka kai shekara 7. Haka kuma marasa tsayayyen lokaci sun fi yawan rigima da rashin natsuwa, a gida da makaranta. Abin farin ciki a ciki shi ne, yaran da daga baya aka tsayar musu da lokaci, halinsu ya gyaru.

Kafin wannan, a shekarar 2003, wani masani mai suna Avi Sadeh na jami'ar Tel Abib ya yi gwaji da yara 77 ƴan firamare. Aka ce wa wasu su riƙa kwanciya awa ɗaya kafin lokacin da suka saba, wasu kuma awa ɗaya bayansa, har dare uku. Da aka gwada su a kan natsuwa da riƙe abu a ka, waɗanda suka ƙara barci suka fi. Dare uku kacal aka ga bambanci, to ina ga yaron da ya shekara a haka?

Batun Jarirai

Jariri sabon haihuwa bai san dare ba bai san rana ba. Cikinsa ƙarami ne, yakan farka duk bayan awa 2 ko 3 ya sha nono, kuma haka ya kamata, kada a hana shi nonon dare da sunan koya masa barci. Sai ya kai wata 2 zuwa 3 agogon jikinsa ke fara daidaita, daga nan ne uwa za ta iya taimaka masa ya bambanta lokutan. Da rana a fito da shi inuwar tsakar gida ya ga haske, ya ji hayaniyar mutane. Da magariba ta wuce a yi masa wanka, a shafa masa mai, a ba shi nono a ɗaki mai ƙarancin haske. In ya farka cikin dare a shayar da shi shiru, ba tare da kunna babbar fitila ko yi masa wasa ba. In aka bi haka kullum, a lokaci guda, sannu a hankali zai gane cewa bayan wanka da nono sai barci.

Kusan rabin barcin jariri mara nauyi ne, wanda a cikinsa yakan motsa, ya yi murmushi, ya yi ƴar ƙara, idanunsa na rawa a rufe. Kakanninmu kan ce mala'iku ne ke yi masa wasa. Uwa ta ɗan dakata kafin ta ɗauke shi, domin sau da yawa barcinsa yake yi, ɗaukar ce ke tashinsa.

Akwai gargaɗi biyu da ma'aikatan lafiya suka nanata mini. Na farko, a kwantar da jariri rigingine, wato a kan bayansa, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba tare da matashin kai ko tarin tsummoki kusa da fuskarsa ba. A Amurka an fara babban gangamin wayar da kai a kan haka a shekarar 1994, kuma cikin ƴan shekaru mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi. Na biyu, kada a kuskura a ba jariri maganin mura mai sa barci, irin wanda ake saye a hannun masu yawo da magani, don a samu ya yi shiru. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin jariri. Barcin da magani ya kawo ba shi ne barcin da ke gina jiki ba.

Sauro Ba Ya Jiran Kowa

Ga mu mutanen wannan yanki akwai wani dalili da ya fi duk waɗanda na ambata gaggawa, shi ne masassarar cizon sauro. Rahotannin OMS sun nuna cewa a Afirka, kimanin mutum 3 cikin 4 da wannan ciwo ke kashewa yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake fita, kuma cizonsa ya fi yawa daga lokacin da dare ya fara nisa har zuwa asuba. Ana raba mana sange, wato gidan sauro mai magani, kyauta, ana kuma bi gida gida da damina ana ba ƙananan yara maganin rigakafi. Amma sange yana kare wanda ke cikinsa ne kawai. Yaron da ke zaune a ƙofar gida ko gaban tele har 11 na dare, ko wanda barci ya kwashe a kan tabarma a tsakar gida aka ce a bar shi sai manya sun tashi shiga, ya riga ya sha cizo kafin a kai shi inda aka ɗaura sangen. Daga Yuli zuwa Oktoba, kwanciya da wuri cikin sange rigakafi ne da ba a biyan ko dala.

Su Wa Ke Sace Daren Yara?

Lokacin da muke yara a ƙauye, da almuru ta yi ake tattara mu gida. A ci tuwo, a kewaye kaka ta yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kafin ta kai ta uku rabinmu sun yi barci. In da farin wata manyan yara su fita dandali, amma ƙanana suna gida. Ba na cewa da can komai daidai yake, amma dai dare na barci ne.

Yau ɓarawo na farko shi ne tele da salula. Finafinan Kano da na Indiya masu fassara ba su ƙarewa, wannan na fita wancan na shiga, yara kuwa suna gaba gaba. Manyan wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako, a watannin sanyi sai ƙarfe 9 na dare agogonmu ake fara su, a tashi wajen 11, kuma ka leƙa gidan kallo ka ga ƴan shekara 7 da 8 a tsugune a gaba. Sa'an nan ga sabuwar al'ada ta miƙa wa yaro waya don ya daina kuka. Ƙa'idar OMS ta 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban tele ko waya, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Na biyu shi ne shayi. A fada ko a gida, in an kai tafasa ta uku sai a miƙa wa yaro, wai ai ta salance, sukari ne kawai. Ganyen shayi, da goro, da kofi, da wasu lemunan kwalba baƙaƙe, duk suna da sinadarin da ke kore barci, kuma yakan yi awoyi a jiki kafin ya sake shi. Abin da babba zai sha bai ji komai ba, ga mai ƙaramin jiki da yawa ne.

Na uku shi ne jinkirin abincin dare, kuma a nan laifin namu ne mu maza. In maigida bai ba da kuɗin cefane ba sai bayan la'asar, yaushe za a kai niƙa, yaushe za a ɗora tukunya? Tuwo ba zai sauka ba sai bayan isha, yara kuwa ko su jira shi har dare, ko su yi barci da yunwa a tashe su suna layi a tura musu loma. Haka kuma uban da ke dawowa 11 na dare da ƙunshin tsire ya ce a taso masa yara, ƙauna ce ta sa shi, amma da ya ajiye musu zuwa safe da ya fi.

Na huɗu shi ne aikin dare da ake ɗora wa yara, kamar tallar gyaɗa ko ƙosai a tasha da bakin titi, da tsaron shago, da aike. Sai kuma bukukuwa, inda za ka ga mace da goyo a gindin lasifika har tsakar dare, jaririn na firgita yana komawa.

Uzurin Da Iyaye Ke Kawowa

Duk lokacin da na ta da wannan magana a taron iyayen yara, akwai uzuri uku da ba sa wucewa, kuma duk suna da ƙamshin gaskiya. Na farko zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa sai dare ya raba. Haka ne, amma ba dole sai a ɗaki ake barci ba. A yayyafa ruwa a wani gefe na tsakar gida tun da yamma, a kafa sanduna a ɗaura sange, a yi wa yara wanka su kwanta a nan, manya su ja tabarmarsu can gefe su rage murya.

Na biyu ƙuncin wuri. Mai ɗaki ɗaya da iyali zai ce ina zai kai yaran in yana son ya ji labarai ko ya yi hira da iyalinsa? Yaro ba ya bukatar ɗaki nasa na kansa, abin da yake bukata shi ne duhu da sauƙin hayaniya. Labule ko zane da aka rataya, da kashe babban ƙwai, da rage muryar rediyo, sun isa. A gidan haya ko gidan yawa kuwa, sai matan gida sun haɗa baki, domin da wuya ki kwantar da naki alhali na maƙwabciyarki suna guje guje a ƙofar ɗakinki.

Na uku talauci. Uwar da ribar tallar dare ce kuɗin kokon safe ba za a ce mata ta bari kawai a wuce ba. Amma ana iya matso da tallar ta koma tsakanin la'asar da magariba, ana iya ɗora ta a kan babba maimakon ƴar shekara 6, domin dare rigar mugu ne, abin da ƴar talla ke iya gamuwa da shi a duhu ya fi ƙarancin barci muni. Da azumi ma, da gari ke raye har sahur, ƙananan da ba su fara azumi ba babu dalilin da zai sa su raya dare tare da manya.

Sai dai a lura, ba kowane gyangyaɗi ne rashin barci ke kawowa ba. Yaron da ke kwanciya da wuri amma kullum a gajiye yake, ko mai munshari da ƙarfi har numfashinsa na sarƙewa, a kai shi likita a duba, domin yunwa da ƙarancin jini da tsutsar ciki su ma suna sa haka.

Yadda Muka Ƙare Da Mai Shayi

Ran Asabar da hantsi na je na sami mahaifin yaron nan a teburinsa. Bayan mun gaisa na ba shi haƙuri a kan saƙon da na aika masa, na kuma gaya masa abin da ɗansa ya faɗa a aji. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ban hana shi barci ba. In ya gaji yakan miƙe a kan benci, in na tashi rufewa in ɗauke shi." Na ce, "Maigida, barcin benci cikin ihun masu kallon ƙwallo, ga sauro, ga hayaƙi, kai za ka iya shi ka wayi gari ka yi aiki?" Ya yi dariya ya ce shi kam ba zai iya ba. Muka yi shawara a kan yaron ya riƙa taya shi daga la'asar zuwa magariba, ya ci abinci, da an yi isha ya tafi gida wurin mahaifiyarsa, wani ƙanen maigidan kuma ya karɓi wankin kofunan dare.

Ba a rana ɗaya aka ga sauyi ba. Makon farko yaron ya yi ta rigima, domin ya saba da hayaniya, har uwar ta aiko mini cewa ba ya barci sai juye juye. Na ce ta yi haƙuri ta riƙa matso da lokacin kaɗan kaɗan, kamar minti 15 duk bayan kwana biyu, ta kuma riƙe tsari guda kullum: abinci, wanka, addu'a, tatsuniya ɗaya, a kashe fitila. Kafin hutun ƙarshen zango na biyu ya daina kifa kai a tebur, faɗan ya ragu, hannunsa ya koma sama. Bai zo na ɗaya ba, amma ya wuce aji na gaba da makinsa, yana karanta jimla ba tare da taimako ba.

Ni ma na sauya. Yanzu duk farkon shekara, kafin in tambayi iyaye ko sun sayi littafi da alƙalami, nakan tambaye su ƙarfe nawa ɗansu ke kwanciya. Ina kira ga ƴan uwana malamai, na boko da na allo, kafin mu ɗaga bulala a kan mai gyangyaɗi mu tambaye shi inda ya kwana da lokacin da ya kwanta. Ina kira ga masu gidajen kallo su mayar da ƙananan yara gida in isha ta wuce, dala ashirin ɗin da za su rasa ba za ta karya su ba. Iyaye kuma, maza da mata, mu tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yawanmu ba mu da halin kai ƴaƴanmu makarantar kuɗi ko saya musu madarar gwangwani, amma kashe fitila da ƙarfe 8 babu wanda ya fi ƙarfinsa. A gwada na wata guda, daga wannan fitowa zuwa ta gaba, sa'an nan a je a tambayi malamin ajin abin da ya gani.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Sai mun sake saduwa.